Jinya da Juriya a Rayuwar Bahaushe: Darasi Daga Cutar Shan Inna a Ƙasar Kano

1.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an tattauna a kan magungunan gargajiya da masu ba da su. Wannan babi kuwa zai dubi wanda ke kwance ne, da waɗanda ke zaune a gefen tabarmarsa. Tambayar da za a bi ita ce: me ke tayar da Bahaushe idan babbar cuta ta kayar da shi, musamman irin cutar da ko an tashi daga gare ta ba ta barin jiki yadda ta same shi? Amsar da aka saba bayarwa ita ce abubuwa uku, wato imani da dangi da himmar shi mai ciwon. Amsar gaskiya ce, sai dai ba ta cika ba. Tarihin cutar shan inna a ƙasar Kano ya nuna cewa kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana iya zama magani, yana kuma iya zama abin da zai ƙara wa ciwo ƙarfi, gwargwadon yadda aka fahimce shi. Ɗalibin da ke shirin zama malami yana da buƙatar sanin haka, domin da wuya ya yi shekara biyu yana koyarwa a Ƙafin Maiyaki ko Bebeji ko Doguwa bai haɗu da yaron da ciwo ya bar wa tabo ba.

2.0 Harshen Jinya

Kafin a shiga tarihi, yana da kyau a fara da kalmomi, domin a cikinsu Bahaushe ya adana tunaninsa. Kalmar "jinya" tana ɗauke da ma'ana biyu. Idan aka ce "Malam yana jinya", mai sauraro bai san ko Malam ne ke kwance ba, ko kuwa shi ne ke kula da wanda ke kwance, sai an ƙara bayani. Haka ma "majinyaci" da "mai jinya" sukan rikiɗe a bakin mutane. Wannan ba rauni ba ne ga harshe. Alama ce ta cewa a wurin Bahaushe ciwo ba na mutum ɗaya ba ne; da wanda jikinsa ke zafi da wanda ya hana idonsa barci saboda shi, duk jinya suke yi.

Sai kuma gaisuwar dubiya. Mai dubiya zai ce, "Sannu, yaya jiki?" Amsar ɗaya ce: "Da sauƙi", ko "Alhamdu lillahi". Ko da numfashi ne kawai ya rage, ba a cewa babu sauƙi. Idan abin ya tsananta sai a sakaya, a ce "yana jin jiki", ko "sai dai addu'a". Mai dubiya ya rufe da "Allah ya ƙara afuwa", ko "Allah ya sa kaffara ne". Wannan ɗabi'a tana ƙarfafa zuciyar mara lafiya, tana kuma kare shi daga furta abin da zai yi kama da butulci ga Mahaliccinsa. Amma tana da illa guda da ma'aikatan asibiti suka daɗe da sani: wanda ya saba cewa "da sauƙi" a gaban kowa yakan faɗi haka a gaban likita, kuma yaron da aka rene shi da ita yakan faɗi haka a gaban malaminsa, alhali kuwa ba ya ganin allo ko ba ya jin abin da ake faɗa.

3.0 Imani: Haƙuri da Tawakkali

Bahaushe Musulmi ya yarda cewa cuta da waraka duk daga Allah suke, kuma ciwo jarrabawa ce da ke kankare zunubi. Babban abin koyinsa shi ne Annabi Ayuba, wanda aka ambaci labarinsa a Suratul Anbiya da Suratu Sad, har ya zama idan ana yabon mai juriya sai a ce yana da haƙurin Ayuba. Karin magana ma cike yake da wannan jigo: "Mahaƙurci mawadaci", "Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa", "Komai nisan dare gari zai waye".

A nan ne ya kamata ɗalibi ya bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, wato tawakkali da sakaci. Malaman addini sun yi bayanin cewa tawakkali shi ne mutum ya yi abin da ke cikin ikonsa sannan ya bar wa Allah sauran, kamar yadda ya zo a hadisin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna kafin ya dogara. Bahaushe ma ya ce, "Allah ya ce tashi in taimake ka." Dubi ma shi mai dafa dutsen: ai ba zaune yake ba, itace yake turawa.

A fagen adabi ba mu da misalin da ya fi Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, wanda aka haifa a 1894 ya rasu a 1990. Ya rasa ganinsa tun yana ɗan ƙaramin yaro, amma ya yi karatu da kunne da hadda a gaban malamai, har ya tsara waƙoƙin Imfiraji, waɗanda suna cikin rubutattun waƙoƙin Hausa da suka fi yaɗuwa a ƙarni na 20. Ita kanta kalmar "imfiraji" daga Larabci take, tana nufin yayewar ƙunci. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Abin lura shi ne, makafi da dama sun haddace waƙoƙinsa suna rera su a tashoshi da ƙofofin gidaje domin neman sadaka, amma shi mawallafin abin da makanta ta kai shi gare shi shi ne zauren karatu. Imani ɗaya ne, inda aka fuskantar da shi ne ya bambanta.

4.0 Cutar Shan Inna a Ƙasar Kano

Sunan cutar kansa tarihi ne. A tsohon tunanin Bahaushe, Inna ɗaya ce daga cikin iskokin bori, kuma idan yaro ya kwana da zazzaɓi ya wayi gari ƙafarsa ta saki, sai a ce Inna ce ta sha ta. Saboda haka maganin da za a nema shi ne na iska: turare da rubutu da girka. Ko bayan da bori ya ja baya, sunan ya zauna, da shi da tunanin cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne.

Binciken likitanci ya tabbatar da cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa ta. Tana fita ta bayan gidan wanda ke ɗauke da ita, ta shiga bakin wani ta gurɓataccen ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba, ta hayayyafa a cikin hanji. Ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Yawancin waɗanda ta shiga jikinsu ba sa nuna wata alama, amma kimanin yaro 1 cikin 200 takan taɓa masa jijiyoyin laka ta shanye masa gaɓa har abada. Ba ta da magani idan ta riga ta kama, rigakafi kawai gare ta. A 1988, lokacin da aka ƙaddamar da shirin kawar da ita daga duniya, an ƙiyasta tana nakasa yara kusan 350,000 duk shekara a ƙasashe 125.

A 2003 aka dakatar da ba da ɗigon rigakafin a Jihar Kano, a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, bayan da aka yaɗa cewa an sa masa abin da ke hana haihuwa. Bai kamata ɗalibi ya yi saurin cewa jahilci ne kawai ya jawo wannan ba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, wasu daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun da aka yi da Jihar Kano a 2009. Ban da wannan, talaka yana da tambayar da ba a ba shi amsarta da wuri ba: me ya sa ake biyo shi har gida da maganin da bai nema ba, alhali idan ɗansa na fama da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda sai ya sayar da akuya kafin ya sami magani? Tsoron iyaye tsoro ne na masu son 'ya'yansu. Sun kare su ne daga abin da suka ɗauka haɗari ne, sai suka buɗe wa haɗarin gaske ƙofa.

An koma ba da rigakafin a watan Yuli na 2004, bayan an gwada maganin an kuma samo shi daga Indunusiya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Amma kusan shekara guda da aka yi ba a bayarwa ta isa. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 20 da a da suka rabu da ita, kuma a 2006 an ƙirga yara sama da 1,100 da ta kama a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Kowane ɗaya daga cikin adadin nan yaro ne mai suna, mai uwa, kuma a yau ya kai shekarun ɗalibin da ke karanta wannan babi.

Abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar waɗanda jama'a ta yarda da su. Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero yana cikin waɗanda suka fito fili suka goyi bayan rigakafin. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya, aka ɗora wa hakimai da dagatai da masu unguwanni alhakin yaran ƙasarsu. Limamai suka yi bayani a kan mumbari cewa rigakafi ba ja da ƙaddara ba ne. Mata kuwa su suka shiga gida-gida, domin su ne ke iya wuce zaure, kuma sun biya da tsada: a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi 9 a birnin Kano. Yaro na ƙarshe da aka samu da asalin ƙwayar cutar a Jihar Kano an same shi ne a watan Yulin 2014 a Ƙaramar Hukumar Sumaila, a nan kudancin jihar. Bayan ɓullarta ta ƙarshe a Borno a 2016, sai a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita. An ci gaba da rigakafi bayan haka, domin akwai wani nau'in da ke ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su karɓa ba.

Ke nan, a cikin shekara 20 an ga an ƙi magani da sunan addini, an kuma ga an karɓe shi da sunan addini.

5.0 Dangi

A karkarar Kiru da Tudun Wada da Doguwa, babban ciwo ba jiki kaɗai yake ci ba, har da rumbu. Idan magidanci ya kwanta da damina, gonarsa ta masara ko shinkafa ba za ta jira shi ba. A nan ne al'adar gayya take da muhimmanci: 'yan'uwa da abokai su taru su nome masa gona rana ɗaya, don kada ya tashi daga ciwo ya faɗa yunwa. Idan aka tura mara lafiya Kano, ko Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko na Ƙashi da ke Dala, wanda ya taso daga Riruwai sai ya ratsa dajin Falgore, tafiya mai nisa ga mai lafiya balle mai ciwo. Kuɗin mota da na magani karo-karo ne: wannan ya sayar da tunkiya, wancan ya jinginar da gona, ɗan'uwan da ke birni ya ba da masauki. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka", kuma "Naka sai naka".

Mafi nauyin jinya a kan mata yake sauka, ko da yake ba a cika ƙirga shi ba. Uwar yaron da shan inna ta shanye wa ƙafa takan goya shi har ya wuce shekarun goyo. Yayarsa mace ita ce ta farko da ake cirewa daga makaranta don ta taya aiki. Malami mai lura zai gane cewa ciwon yaro ɗaya yakan raba yara biyu da aji.

Sai dai Bahaushe bai ɓoye ɗaya fuskar ba, shi ya sa ya kira 'yan'uwa rigar ƙaya. Dangin da ke ɗauke da mara lafiya su ne kuma kan ɓoye shi a ɗaka saboda kunya, kada a ce gidan wane akwai kaza, a ƙi auren 'ya'yansu. Haka aka daɗe ana yi wa masu kuturta, cutar da a yau ake warkewa daga gare ta sarai da haɗin magungunan da ake bayarwa kyauta. Sunan garin da asibitin kutare na Kano yake, wato Yadakunya, ya isa darasi ga mai nazarin harshe. Wani lokaci kuma tausayin ne ke yin yawa, a yanke wa yaro hukunci tun yana ƙarami cewa ba zai iya komai ba, a saya masa ƙoƙo. Tsarin gargajiya na Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare ya ba waɗannan mutane shugabanci da kariya da mai magana da yawunsu a fada, wannan abin yabo ne. Amma a ganina ya kuma taimaka wajen zaunar da tunanin cewa bara ita ce sana'ar da Allah ya tsaga musu.

6.0 Himma

Waɗanda suka fara rushe wannan tunani su ne masu lalurar da kansu. Aminu Ahmed Tudun Wada, wanda shan inna ta shanye wa ƙafafu tun yana yaro, ya ƙi bara, ya koyi aikin hannu, ya kuma jagoranci ƙungiyar waɗanda cutar ta shafa a Kano, inda suke ƙera keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Jarrabawarsa ba ta tsaya a kansa ba, domin a lokacin da aka dakatar da rigakafi cutar ta kama ɗansa. Daga nan ya shiga bin unguwanni da ƙauyuka tare da 'yan ƙungiyarsa suna yi wa iyaye magana. Uban da ya rufe wa ma'aikacin lafiya ƙofa yakan rasa ta cewa idan wanda ke gabansa ya nuna masa ƙafafunsa. Haka kuma Misbahu Lawan Didi, shi ma ɗan Kano da cutar ta shafa, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wasan da 'yan wasa ke zama a kan ɗan katako mai tayoyi suna buga ƙwallo da hannu, wanda ya bazu zuwa jihohi da dama.

Ba a kawo waɗannan misalai don a ce duk wanda bai kai inda suka kai ba rago ne ba. Himma tana buƙatar wurin dafawa. Keken nan mai ƙafa uku ba ya hawa matakala, ba ya kuma ratsa yashi da taɓon damina. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, amma duk wanda ya zagaya makarantun karkara ya san tazarar da ke tsakanin takarda da ƙofar aji.

7.0 Malami da Yaron da Ya Dawo

Mu ƙaddara an tura ka koyarwa wata firamare a ƙasar Kiru. A ajinka na huɗu akwai yarinya da ta yi wata uku ba ta zo ba saboda sanƙarau, ta dawo jinta ya ragu. Ka tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi. Ta zauna a baya inda ta saba. Bayan mako biyu ka yi shifta ta faɗi, yara suka fara kiranta da wani suna, mahaifinta kuma ya fara cewa ai karatun ya ƙi. Babu likita a wannan labari, kai kaɗai ne.

Abin da ke hannunka ba kaɗan ba ne. Za ka matso da ita gaba, ka riƙa fuskantarta idan kana magana, ka rubuta a allo abin da a da faɗa kawai kake yi. Za ka hana laƙabin tun ranar farko, domin sunan da aka liƙa wa yaro a aji huɗu yakan bi shi har furfura. Za ka taka zuwa gidansu, tun da zumunta a ƙafa take, ka zauna a zaure ka yi wa mahaifinta magana da harshen da ya sani, na ƙaddara da amana da haƙƙin 'ya'ya, sannan ka ba shi shawarar a kai ta a duba kunnen. Idan lalurar ta fi ƙarfin ajinka, akwai makarantar masu buƙata ta musamman a Tudun Maliki cikin Kano.

A matsayinka na malamin Hausa kuma kana da wani nauyi na daban. Taskar karin maganarmu da tatsuniyoyinmu cike take da makaho da gurgu da kuturu da kurma, kuma sau da yawa abin dariya aka mayar da su. Ba za a goge su daga manhaja ba, domin gadonmu ne kuma akwai hikima a ciki. Amma kafin ka rubuta "Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano" a allo, dubi waɗanda ke zaune a gabanka, ka kuma shirya tambayar da za ka yi wa aji a kan abin da maganar ke nunawa game da masu yin ta.

8.0 Aikin Ɗalibi

1. Tattaro karin magana 10 da suka ambaci cuta ko nakasa daga bakin dattawan garinku. Rarraba su gida biyu: masu ƙarfafa zuciya da masu muzantawa. Wanne gida ya fi yawa?

2. Yi hira da wata dattijuwa da ta taɓa doguwar jinyar wani nata, ba tare da ka rubuta sunanta ba. Kawo kalmomi da addu'o'in da ta yi amfani da su, ka bayyana ma'anar kowanne.

3. Da hujjoji daga abin da ya faru a Kano tsakanin 2003 da 2014, tattauna bambancin tawakkali da sakaci a cikin shafi biyu.